Sifana Mai Lamba Goma Sha Uku

Iskar Patagoniya ba ta sallama.
Kutsowa take yi cikin rumfar kwano,
ta buɗe min littafin gyara a babin birki,
alhali lagireto ne ke zubar da ruwa.

Jif ɗin babana ce, shekararta ashirin da bakwai.
A takarda fara ce.
A ido kuwa launin hanyar Tecka gare ta,
tsatsa ta gaigaye gindin ƙofofi
yadda ɓera ke yi wa bakin buhu.
Ta ƙirga kilomita dubu ɗari huɗu,
sannan ta bar ƙidaya ga mai sauran ƙarfi.

Bakanike mafi kusa yana Esquel,
kuɗin janwe kaɗai tumaki shida ne.
Na leƙa garke, na ƙirga,
na dawo na shimfiɗa kwali,
na shige ƙarƙashinta da rigingine.

Eulalio maƙwabci ya zo da butar shayinsa,
ya tsuguna yana magana da takalmana.
"Nelida, sayar da ita ki huta,
kada garin neman gira ki rasa ido."
Na ce miƙo min kananzir.

Noti huɗu ne.
Uku sun biyo ni da lalama.
Na huɗun ya kafe,
shi da tsatsa sun zama ɗan uwa da ɗan uwa.
Sifana goma sha biyu ta ƙi shiga,
goma sha huɗu sai zamewa,
kowace zamewa da rabonta a fatar yatsuna.
Goma sha uku ake nema.

Gurbinta na nan a akwati, wayam,
kamar giɓin haƙori, shekara goma sha ɗaya.
Ina tsaye a ƙofar rumfar nan
ranar da baba ya zazzage akwatin a ƙasa:
"Anselmo, kai ne! Ba abin da ke kwana a hannunka!"
Yayana bai ce uffan ba.
Ba sifana kaɗai ba ce, na sani,
amma ita ce karan da ya cika ɗaurin.
Kafin a yi wa tumaki sausaya
ya tafi rijiyoyin mai na Comodoro.
Bai dawo ba sai ranar binne baba,
ya tsaya can baya, hula a hannu.

Na ciji leɓe, na jijjiga lagireton da fushi,
na sa kafaɗa na ɗaga gefe guda.
Sai ƙwal!
Wani abu ya faɗo kusa da kunnena.

Baƙa wuluk, ta sha maiko da ƙasa.
Na goge ta da bakin riga.
Ɗaya da uku.

Ashe nan ya ajiye ta da hannunsa,
a lungun ƙarfen da ke tallafe da lagireto.
Ta bi mu kasuwar ulu,
ta tsallake kogi da mu a shekarar ambaliya,
ta raka shi asibiti daren ƙarshe,
tana jin duk abin da ba mu faɗa ba.

Ta zauna wa notin daram.
Ya yi ƙara ɗaya, ya saki.

Sabon tiyo, sabon ruwa.
Makulli na farko, tari.
Na biyu, tari da atishawa.
Na uku ta kama, har kwanon rumfa na rawa.
Wani ɗan washa ya rage a tafina,
ban san gidansa ba, na jefa aljihu.

Na hau da ita tudun da waya ke samu.
Sau biyar ta yi ƙara.
Na ce, "Anselmo, na ga sifanar."

Shiru. Iska tana cin rabin layin.

Can ya ce, murya a dishe,
"Kin duba fambel?
Tun ina nan yake kuka."